Hagu da Dama

Jiya na ji ɗana yana ta mita, wai an ƙara wa wasan gem kuɗi, shi da abokansa sun rantse sun daina saye. Dariya na yi, don mu ma mun yi irin wannan rantsuwar a Kontagora, kuma ba ta kai la'asar ba.

A wata damina ce, lokacin hutun makaranta. Akwai shagon gem na wani mutumin Auna a bayan kasuwa, talabijin ɗaya da benci. In ka shiga, warin man janareto ne zai tarbe ka, haɗe da ƙanshin masarar da ake gasawa a bakin ƙofa. Kakarmu mai ƙuli-ƙuli ita ke ba mu, ni da yayana, kuɗin wasa, kowa ya yi nasa zagayen. Rannan mai shagon ya ce kaset ya yi tsada a Legas, don haka kuɗi ya ninka. Yara suka ce sun bar zuwa har abada, amma da yamma duk muna manne da taga muna leƙe.

Abin da Kaka ke iya bayarwa ya koma na mutum ɗaya. Yaya ya fi ni iyawa, ya fi ni ƙarfi, na san ni za a bari a taga. Na koma gida ina kuka shaɓe-shaɓe.

Kaka ba ta taɓa ganin gem ba. Ta sa Yaya ya kwatanta mata yadda ake riƙe abin dannawar: hagu na tafiya, dama na tsalle.

"To, kai ka riƙe tafiyar, ƙaninka ya riƙe tsallen," in ji ta. "In na ji ka bar shi a taga, kai ma ka ga kuɗina na ƙarshe."

Mai shagon ya ce shi abin dannawa ɗaya ya sani, ba ruwansa da hannu nawa ne a kai. Da farko ramuka muka yi ta faɗawa, na sha ranƙwashi. Kafin a koma makaranta kuwa, Yaya ba ya ma buɗe baki, kafaɗarsa kawai zan ji ta motsa in danna.

Kaka ta daɗe da rasuwa, shagon ya koma na cajin waya. Bara Yaya ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na hagu ya daina aiki, shi kuma ya daina shiga mutane. Ina kewarsa ƙwarai, alhali yana raye. Da na gama yi wa ɗana dariya, sai na ari gem ɗinsa na kai gidan Yaya. Ya kalli abin, ya kalli hannunsa, ya kau da kai. Na zauna ta hagunsa, kafaɗa da kafaɗa.

"Yaya, yau ni ke da tafiya. Kai ka yi tsallen."

Can ya ɗora babban yatsansa na dama a kan abin dannawar.

"Ka dai tafi a hankali," ya ce. "Ban yarda da kai a bakin rami ba."