Mutumin da Ya Fito a Taswirar Milezi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ajinmu aikin zana taswirar wasu lunguna na unguwar Milezi, don a ga inda ruwan damina yake kwanciya da inda ya kamata a haƙa masa hanya. Ba mu da jirgin ɗaukar hoto. Abin da malaminmu ya samo mana ƙaramar kyamara ce, irin wadda 'yan tseren babur suke ɗaurawa a hular kwano. Aka ɗaure ta a kan doguwar gora. Mutum zai riƙe gorar ya bi lungu a hankali, ita kuwa tana ta ɗaukar hoto da kanta. Daga baya a zuba hotunan a kwamfuta, manhaja ta haɗa su, ta gina lungun da katangunsa da ramukansa, har ka iya juya shi ta kowane gefe.

Ni ban taɓa riƙe gorar ba. Ko tunanin in ratsa unguwa da sanda a sama mutane suna kallona ba na iya yi. Abokan ajina sun san halina, sai suka bar mini ɗakin kwamfuta: in tace hotuna, in cire masu dishi-dishi, in jira manhaja ta gama. Aikin ya yi mini daɗi, ba mai yi mini magana.

Manhajar tana da wani hali. Ba ta riƙe abin da yake motsi. Sai abu ya fito a wuri guda cikin hotuna masu yawa take yarda yana nan. Saboda haka masu tafiya, da awaki, da 'yan kilando masu ɗaukar fasinja a kan baburansu, duk ɓacewa suke yi, ko su bar ɗan tabo kamar hayaƙi. Lungunan sukan fito fayau ba kowa.

Gidanmu a unguwar Gardolé yake. Mahaifina ɗan gwanjo ne a kasuwar Dembé, tun ban san kaina ba yake da rumfa a can. Kowace safiya yakan fita da riga a goge, da kwanon abinci da Inna take ɗaure masa a tsumman tsohon zaninta.

Wata ranar Laraba da hantsi manhaja ta gama gina wani lungu da ya bi bayan wata doguwar katanga. Ina juya shi a hankali, abokin ajinmu da ya fi kowa riƙe gorar, mai yawan barkwanci, ya leƙo ta kafaɗata. Faki yake kirana, wato malam, don ya ce kullum kaina na cikin takarda.

"Faki, tsaya, tsaya! Jama'a ku zo ku ga mai unguwa!" ya faɗa da Larabci.

A gindin wata dalbejiya mutum ne zaune, ya fito cif, ba tabo ba hayaƙi. Hularsa, da ninkin rigarsa, da takalmansa da ya jera a gefe.

"Wannan dattijon, da safe muka wuce yana nan, da azahar yana nan, washegari ma yana nan. Na yi masa sallama ya juya wa bango fuska. Wallahi ina jin tare aka gina su da katangar."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa idona yana kan ƙunshin da ke kusa da gwiwarsa. Na san zanen tsumman nan. Da shi aka goye ni.

Da suka watse na buɗe hotunan ɗaya ɗaya. Ga Baba yana jan carbi. Ga shi ya kwance ƙunshin yana ci, ya ba hanya baya. Ga shi ya haɗa kai da gwiwa. A nan na gane rumfar Dembé ta tafi, kuma ya zaɓi unguwar da ba a san shi ba yana cinye yini a cikinta, don kada mu sani. Na ji kamar na ɗaga masa labule yana tuɓe. Duk da haka sai da na kalli hotunan har na ƙarshe, ban san abin da ya hana ni tsayawa ba.

An shirya nuna taswirar a gaban dattawan unguwa da wasu 'yan kasuwa. Hausawan garin nan ba mu da yawa, kowa ya san hular kowa. Goge shi daga taswirar kaɗai ba zai isa ba, don malamin yakan karɓi hotunan ya sake ginawa da kansa. Sai na share duk hotunan wannan yanki. Lungun ya fito da ƙaton rami a tsakiya.

"Kai ɗin da nake bugun ƙirji da kai?" malamin ya ce a gaban aji. "Ina sauran?"

"Katin kyamarar ne ya lalace, Misye."

Ya daɗe yana dubana. "Kalas, shi ke nan. A sake ɗauka ranar Asabar."

Da yamma Baba ya dawo yana wanke ƙafa a tsakar gida. Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa, na ce yaya kasuwa, kamar kullum.

"Kasuwa alhamdulillahi," ya ce. Ya ci gaba da cuɗa diddigensa. Can ya ce, bai dube ni ba, "Na ji an ce yaran makarantarku suna yawo da wata aba a kan sanda. Wace unguwa suke yi?"

"Milezi, Baba. Amma hotunan wani lungu sun lalace duka, ba abin da ya fito."

"To."

Da a nan na yi shiru da ya fi. Amma ina tsoron su sake samunsa, sai na ƙara da cewa, "Ranar Asabar za su koma."

Hannunsa ya tsaya a kan butar. Daga yadda ya tsaya na san ya gane na gan shi. Ban iya tashi daga durƙuson ba, har Inna ta kira ni daga kicin.

Ranar Asabar suka koma, lungun ya fito tsaf, gindin dalbejiyar ba kowa. Mai barkwancin ya ce an sauke mai unguwa daga mulki.

Baba ya ci gaba da fita kowace safiya har damina ta wuce, kafin wani ɗan uwansa ya raba rumfa da shi. Ban san inda ya koma zama a waɗannan watannin ba. Yakan dawo da idanu jajur da gumi ya bushe a bayan rigarsa, kuma na lura ya daina bari in karɓi takalmansa. Har yau ban tambaye shi ko akwai inuwa a wurin ba.