Bazarar da Kwamfuta ta Ƙwace Fankar Inna

Fanka ɗaya ce a gidanmu na Gumel, ta tsaye, mai ƙara in tana juya wuya. A ɗakin Inna take, mahaifiyar maigidana, domin tsufa ya sa ba ta jure zafi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in maigida ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, wai don buga takardun ofis. Ana buga takardun kam. Amma da ya dawo daga aiki a Gagarawa, sai su shige ɗakin zaure shi da maƙwabcinmu, wani ma'aikacin gona Kirista mutumin Filato, su hau wasan tseren mota. Maƙwabcin ne ya ce akwai wani kati a cikinta mai fitar da hoto, in aka ƙara na biyu motar za ta daina tsinkewa. Wata uku suna jiran saƙo. Ran wata Alhamis wani direban babbar mota ya iso da shi Maigatari, a naɗe cikin tsohuwar jarida.

Ba wanda ya gaya musu kati biyu zafi biyu ne. Ga bazara ta kama. Minti kaɗan hoton zai daskare. Suka kwance murfin akwatin kwamfutar, bai hana ba. Sai maigida ya leƙo madafi.

"Maman yara, a aro mana fankar Inna, na ɗan lokaci."

Ɗan lokacin ya kai sati biyar. Wutar ma da rana ake kawo ta, tsakanin azahar da la'asar, daidai sa'ar da Inna ta fi bukata. Ni ce da mafici. In yi da dama har ta sage, in koma hagu, ga tuwo yana jira. Ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, ina shafa mata hoda.

Ba ta taɓa yi wa ɗanta magana ba. Ni take tsokana, wai kwamfutar ce mara lafiya.

"'Yar nan, ya mai jikin na zaure? Ya ci abinci kuwa?"

"Da sauƙi, Inna."

"To a gaishe shi. Mu da muka saba."

Na taɓa kawo shawara a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, ko a ɗora akwatin kan yashi mai laima kamar randa. Maƙwabci ya dafe kai. "Madam, kashe ta za ki yi!" Maigida ya jawo ni gaban gilashin. "Dubi inuwar bishiyoyin nan. Da can akwai su?" Na duba, Allah ya sani ban ga bambanci ba. Na ce masa na gani, abin da har yau nake istigfari a kansa.

Ran nan aka kira la'asar, Inna ta yunƙura za ta tashi alwala, ta koma ta zauna. Ta sake, ta kasa. Zaninta sharkaf, leɓenta ya bushe. Na kawo mata buta har bakin gado, ta yi sallar a zaune.

Ban yi sallama ba da na shiga zaure. Na zare wayar fankar daga bango, na rungumo ta. Suna tsakiyar tsere. Maƙwabci ya sunkuyar da kai. Maigida ya buɗe baki, na ce, "Inna a zaune ta yi la'asar."

Ina ɗaure ƙullin tsintsiya a tsakar gida na ji maigida yana neman sukudireba. Washegari kati ɗaya ya rage a ciki, suka ci gaba da wasansu, motar tana tsinkewa kamar da, suna ihu kamar da.

Fanka ta koma gefen gadon Inna. A satin taransifomar unguwarmu ta ƙone, ba a gyara ba sai da ruwa ya sauka. Na sake ɗaukar mafici.