Ña Ruperta da Godiyar Jikarta

Ña Ruperta Ozuna tana sayar da ganyen terere, shayin ƙasarmu da ake sha da ruwan sanyi, a bakin kasuwar Villarrica tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Yanzu ta ba saba'in baya. Kayan sana'arta ba su canja ba: tebur ɗaya, bokiti biyu, turmi da taɓarya. Mutum zai tsaya da butar ruwan sanyinsa, ta dube shi, ta tsinci na'a-na'a ko saiwar da ta ga ta dace da shi, ta daka, ta zuba masa. Ba ta cika tambayar abin da ke damun mutum ba. Takan ce wanda ya kwana da fushi da wanda ya kwana da giya idonsu ɗaya ne, a tafiya ake bambanta su.

Aji biyu ta yi a makarantar ƙauyensu. Malaminsu yakan sa yaro ya durƙusa a kan ƙwayar masara in ya kama shi yana magana da Gwarani, harshen gida, maimakon Sifaniyanci, ita kuwa ba ta da wani harshen. Har yau Sifaniyancinta kamar tafiya da takalmin aro ne. Mijinta mai tuƙa keken doki ne, ya rasu ɗansu Derlis yana goye. Da turmin nan ta raine shi.

Ni harhaɗa magunguna na karanta a jami'a, na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin. Da 'yata Nilda ta kawo Derlis ta ce shi za ta aura, ban yi murna ba, ban kuma iya ɓoyewa ba. Ranar biki Ña Ruperta ta zo ta tsaya gabana.

"Dokta, ki saki fuska. Wanda ƙwayarki ta ƙi wurina yake zuwa, wanda ganyena ya ƙi wurinki yake komawa. Tun tuni muke musayar mutane, yau dai muka yi da shaidu."

Ni ba likita ba ce, amma tun ranar Dokta take kirana.

Jikarmu Yeruti tana da shekara shida aka gano Nilda na da sankarar jini. Mun yi shekara biyu da wata huɗu a Asunción, babban birni, tsakanin ɗakin haya da asibiti. Likitoci suka hana Nilda shan abu a mazubi ɗaya da kowa, don haka ƙahon da muke shan terere a ciki ya daina zagayawa a gidan. Yarinya kuma ba ta iya zaman awa biyar a kan bencin asibiti hannu sake. Ni na saya mata waya mai faɗin gilashi, kuma ta yi aikin da na saye ta dominsa. Duk mako Ña Ruperta takan aiko da ƙunshin ganye ta hannun direban bas. Ban taɓa bari an jiƙa ba. Ta sani, ba ta fasa aikowa ba.

Nilda ta rasu a watan Maris. Derlis ya tafi Buenos Aires aikin gini, Yeruti ta dawo wurina a Villarrica.

A lokacin na fara sauraronta sosai. Ba ta magana irin tamu. Muryarta ta finafinan zanen yara da take kallo a waya ce, kalmominta na wasu ƙasashe, Gwarani kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Ladabinta ya wuce na duk yaron da na sani. Komai "don Allah", komai "na gode", ko cokali aka miƙa mata. Amma in na ce hadari ya haɗu, sai ta duba waya kafin ta yarda.

Muka tsara cewa duk Asabar da yamma zan kai ta gidan Ña Ruperta, ni in wuce maƙabarta. A gindin mangwaron tsakar gidan ake zama, da maƙwabcinta Don Anastasio, tsohon wanzami, da matarsa. Asabar takwas aka yi haka. Ta tara, Yeruti ta ƙi sa takalmi.

"Ba zan je ba. Kaka Ruperta ba ta so na."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min, gani na yi. Sau ɗaya take ba ni terere. Daga nan ta ba Don Anastasio, ta ba matarsa, ta sha, ta tsallake ni kamar kujera. Sau goma sha ɗaya ranar nan, na ƙirga."

Ban tilasta mata ba. Ranar Litinin na je kasuwa, na jira masu saye suka ragu, na gaya wa Ña Ruperta abin da yarinyar ta ce.

"Bar ta, Dokta," in ji Ña Ruperta, ba ta daina daka ba. "Ba laifinta ba ne. 'Ya'yan gilashi an koya musu bakin tsoho ƙazanta ne. Ƙyamata take ji."

"Ƙyama kuma?"

"Kurɓi ɗaya za ta yi, ta miƙo min ƙaho, 'Na gode, Kaka.' Kullum. Ni kuwa ba na yi wa mutum ɗure." Ta ajiye taɓarya, ta goge hannu da gefen siket. "Ɗa ɗaya na haifa, ga shi can wata ƙasa yana ɗaukar siminti. Ita ce ta rage min a garin nan. Amma ba zan roƙi 'yar shekara takwas ta sha da ni ba."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a kan kanta ba. Sai da ta gama na gane abin da ya faru.

Duk wanda ya tashi a nan ya san ba a godiya a zagayen terere sai an ƙoshi. Ka sha, ka mayar da ƙaho shiru, ya sake zagayowa kanka. In ka ce na gode, ka ce a cire ka ke nan. Ba wanda ke koya wa yaro wannan, gani yake yi tun yana rarrafe. Yeruti ba ta gani ba. Shekarun da ya kamata ta gani, a bencin asibiti ta yi su, bayan nan kuma ni ban sake jiƙa terere a gidana ba.

Na yi mata bayani. Ta saurara har wani mai babur ya gaji da jira ya tafi.

"Wato ladabi ne ya yi mata yawa."

"Shi ne."

"Wa ya koya mata?"

"Wayar."

"Ita wayar ba ta da kaka ne?" Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta share ido. "Wata biyu ina kwana da ciwon rai a kan na gode."

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Yeruti ta saurare ni, ta ɗauko waya ta tambaye ta ko rashin kunya ne mutum ya yi godiya in an ba shi abin sha. Wayar ta ce a'a, godiya halin kirki ce a ko'ina.

"Kin ji, Kaka?"

"Na ji. Gaskiya ta faɗa a kan yawancin duniya. Tsakar gidan kakarki ne ba ta taɓa zama ba."

"In na yi shiru kuma ta sake tsallake ni fa?"

"In haka ta faru, ba zan sake cewa ki je ba."

Asabar ɗin ban je maƙabarta ba. Na zauna a gindin mangwaro tare da su. Ña Ruperta ta cika ƙaho da ganye, ta soka bututun ƙarfe, ta zuba ruwa. Ta ba Don Anastasio, ta ba matarsa, ta miƙo min. Na karɓa na sha. Sannan ta miƙa wa Yeruti tana kallon kaji.

Yarinyar ta zuƙa har bututun ya yi minshari. Ta mayar da ƙahon da hannu biyu, ta danne leɓɓanta kamar mai riƙe da ruwa a baki. Na ga kalmar tana neman fita. Ba ta fita ba.

Ƙaho ya zagaya. Da ya bar hannuna, Ña Ruperta ta zuba ruwa a hankali, ta cire wani ɗan ganye da bai tsare wa kowa komai ba, sannan ta miƙa mata.

Sau shida ya zo mata.

"Ruperta," in ji Don Anastasio, "jika aka kawo miki ko rijiya? Ki rage mana, mu ma da maƙogwaro muka zo."

"Kai da ka sha na mutane shekara hamsin ba ka taɓa kawo ko ƙanƙara ba? Bar ta ta rama bashin wata biyu."

Yeruti ta matso kusa da ita, ta yi ƙasa da murya. "Kaka, yaushe ake cewa?"

"In cikinki ya ce."

"Ya ce tun ɗazu."

Har matar Don Anastasio, wadda ba ta cika dariya ba, sai da ta dara.

Shekara ɗaya ke nan da rabi. Wayar tana nan, kuma har yanzu ita ake fara tambaya. Akwai abubuwa da yawa a kan Yeruti da ni da Ña Ruperta ba mu san ƙofarsu ba. Makon jiya Yeruti ta haska wa wayar wani ganye a kan teburin kakarta, wayar ta ce furen ado ne daga Ostareliya. Ña Ruperta ta ce a gaya mata a bayan makewayi ta tsinko shi da safen nan. Sun yi musu har na tashi.

Amma ranar Asabar ba na tuna mata zuwa gidan kakarta. Tunda ita ce ƙarama a zagayen, ita ke zuba ruwa yanzu, tana zubarwa a ƙasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In rana ta yi sanyi sai ta danna wa kakarta waya, Ña Ruperta ta sunkuyo ta yi wa Derlis dogon saƙon murya da Gwarani, da ƙarfi, kamar daga nan zai jiyo ta. Yeruti takan riƙe har a gama. Ta ce min tana gane inda ake yi wa babanta faɗa, da inda ake maganarta.