Hanyar da Saƙonninmu Ke Ɓacewa

Wata rana, a ƙaramin asibitin da nake aikin gwajin jini, wata baiwar Allah mai suna Zuwaira ta iso da kwamfutarta a jaka, fuska ba walwala.

Ita ta rubuta mana manhajar da ke tura sakamakon gwaji zuwa ga likita a birni. Manhajar na aiki lafiya lau, amma da an ɗauke wuta sai saƙo ya daina tafiya. Alhali muna da batir, komai a kunne yake!

Shugaban asibiti ya gaji. Ya ce idan ba ta gyara a ranar ba, a cire manhajar, a koma aiken ɗan acaɓa.

Ba ta yi musu ba. Ta ce kowace kwamfuta na da jadawalin hanyoyi a cikinta, shi take dubawa ta san ta ina za ta fitar da saƙo. Sai ta ƙara wa manhajar 'yan layuka: kafin kowane aike, ta tambayi kwamfutar hanyar da za ta bi, ta nuna amsar a allo.

Muka zauna jira.

Ɗif! Aka ɗauke wuta.

Jama'a, a kan idonmu wata sabuwar hanya ta ɓullo a allo, ta hau saman hanyar intanet ta asibiti!

Zuwaira ta yi wuf ta leƙa bayan tebur. Ga wayar salula a maƙale da kwamfutar asibiti.

"Wayar wace ce wannan?"

Sista Barira, ungozomarmu, ta leƙo. "Tawa ce, 'yar nan. Caji kawai take sha, da an ɗauke wuta nan nake jona ta."

"Anti, akwai data a ciki?"

"Data? Ai rabona da ita tun kafin Sallah!"

Ashe an saita wayar ta riƙa raba intanet da zarar an jona ta. Kwamfuta sai ta bi ta can, can kuwa babu hanya.

Muka kwashe da dariya har da tafi. Zuwaira ta ɗaure manhajar a kan hanyar asibiti, ta danna. Kafin Sista Barira ta gama kare kanta, likita ya kira: sakamakon wata mai ciki da ke kwance a wurinmu ya iso.

Wayar ma ba a zare ta ba.

Darasi: kafin ka yanke hukunci a kan abin da bai iso ba, tambayi hanyar da ya bi.

Ku tura wa duk wanda ake shirin ɗora masa laifin da ba nasa ba!