Inuwar Baba a Ƙasan Hoto

Shekara talatin da bakwai Babanmu ya yi yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Da idonsa ya fara mutuwa, sai ya sayar wa wani kamfani duk tsofaffin hotunansa, kwali goma sha ɗaya, ya sa hannu a takardar da ko ganin rubutunta ba ya yi.

Bayan rasuwar Mama, magana ta ƙaurace wa bakinsa. Ni na buɗe masa shafi a intanet don ya rage kewa. Yana faɗa, ina rubutawa. Hoton farko da muka ɗora na Mama ne tana budurwa, tsaye a ƙofar shagon, tana kare rana da hannu. A ƙasa kuwa inuwarsa ce ta miƙe har ƙafafunta.

Wata biyu sai ga saƙo daga kamfanin, wai hoton mallakarsu ne, mu biya, mu kuma sauke shi. Na mayar musu da amsa mai zafi: shi ya ɗauka, kuma matarsa ce! Ko kunya babu, suka turo mana takardar, ga sa hannunsa a karkace.



"Sauke, 'yar nan," in ji Baba. "Gaskiyarsu ce."

Ina shirin gogewa ya riƙe hannuna, ya kai fuskarsa dab da allon.

"Ki dai tambaye su. Wancan da ke kwance a ƙafafunta, har shi na sayar musu?"