Cibiyar Zalika

Sati uku Kawu Tankari ya ce zai yi a Guangzhou, sarin wandon jins a Xintang. Kasuwa ta riƙe shi, daga baya auren Fasuma ya ƙara riƙe shi, har shekara bakwai. 'Yar Sin ce Musulma, mahaifinta tsoho Ma yana da shagon taliya a wani lungu na Sanyuanli. Fatima ne sunanta, 'yan kasuwar Canaan suka mayar da ita Fasuma.

Mutum ne mai son baƙi. Duk wanda ya sauka daga Kano ko Maraɗi bai san gabas ba, gidansa ake nuna masa. Abokinsa Shitu kan yi masa tsiya, wai Sarkin Zangon da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, yana haya a hawa na shida.

Fasuma ta haifa masa Zalika a watan Mayu na 2008, gari ya ɗau haramar wasannin Olamfik, biza ta yi tsauri. Tasa za ta ƙare a Yuli, kuma duk inda ya je sabuntawa amsa ɗaya ce, meyo, wato babu, sai dai ya koma gida ya nemo. Wannan bai dame shi kamar zancen jaririyar ba. Ƙasar ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Ko a rubuta ta a rajistar gidan uwarta ta zama 'yar Sin, ko a yi mata koren fasfo ta zama baƙuwa a garin da aka haife ta, tana neman izinin zama kamar ubanta.

Yayarsa Jumai ta bugo waya daga Fagge. Ta ce ɗa na uba ne, ya taho da cibiyar yarinyar a binne a bayan ɗaki inda aka binne ta kowa. Tun da cibiyar ta faɗi Tankari ya ƙulle ta a tsumma, yana yawo da ita a aljihu, ya kasa cewa e, ya kasa cewa a'a.

Wata rana da hantsi ya zauna a shagon surukinsa yana juya taliya bai ci ba. Tsohon ya zauna kusa da shi, Fasuma na fassarawa. Ya ce su ma, yadda kakanni suka faɗa, fatake ne suka zo da raƙuma daga yamma, suka auri matan gari.

"Da sun yi ta aika 'ya'yansu gida," in ji shi, "da yau babu wanda zai ba ka Musulma a nan."

Washegari Tankari ya sa hannu aka rubuta Zalika a rajistar gidan uwarta da suna Ma Li. Sai neman wurin binne cibiyar, ga unguwa duk siminti. Shitu ya kawo shawarar tukunyar shuka fulawa. Tankari ya ce ƙasar da za a iya ɗauka a gudu da ita ba ƙasa ba ce. Ya shiga mota har Xintang, ya tona ƙarƙashin wani mangwaro a bayan masana'antar da yake sari, ya yi addu'a ya rufe. Mai masana'antar ya ɗauka iri yake shukawa, ya kawo masa ruwa a bokiti. Tankari ya yi godiya ya zuba.

Da biza ta ƙare ya isa Kano hannu rabbana, babu cibiya, Yaya Jumai ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Rana ta uku ta karɓi hoton Zalika, ta daɗe tana dubawa, ta ce goshin Inna ne sak, ko a ina aka rubuta ta.

"Kai kuma, mai kunnen ƙashi, zauna ka koya mini sunan nan nata na can. Kar wata rana in kira 'yata ta ƙi waiwayowa."