Alli da Bokitin Ustad Shafqat

Shekara talatin aminina Ustad Shafqat, Allah ya jiƙansa, yana lanƙwasa layin jirgin wasa mai hawa da gangara a birnin Gujranwala, bai taɓa rubuta awonsa a takarda ba. Da alli yake zana kowace kwana a ƙasa, da ya ji motar abokin cinikinsa Pervaiz sai ya ɗauki bokiti ya sheƙa wa zanen ruwa. Ya san mutuminsa: ko ƙusa bai iya bugawa ba, sai leƙe-leƙe.

Ranar sadakar uku Pervaiz ya zo ta'aziyya. Ko shayinsa bai shanye ba ya tambayi matar marigayin, "Bhabi, matar ɗan'uwana, a ina yake ajiye awon?"

Ta ɗauko tsohon bokitin ta dire masa. "Ga ma'ajiyar, Pervaiz Sahib. Ɗauka, mun bar maka."